Takardar Digiri: Haƙƙin Ɗalibi ce ko Kyautar Jami'a?

(Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan unguwar Sheshe, cikin birnin Kano, lokacin hutun ƙarshen zango.)



Sa'ad da aka aiko mini cewa in zo in yi magana a wannan taro, sai na ga babu abin da ya fi dacewa in yi magana a kai irin takarda guda ɗaya, wadda iska kan iya ɗauka, ruwa kan iya jiƙawa, amma saboda ita uba kan sayar da gona, uwa ta karya adashi, yaro ya shekara huɗu ko biyar yana kai da kawowa tsakanin ɗakin karatu da ɗakin jarrabawa. Watau takardar digiri. Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan ɗalibi ya gama karatu, jami'a kuwa ta riƙe sakamakonsa ko ta hana shi takardarsa, wa ke da gaskiya a gaban shari'a? Ni dai ba hukunci na zo yankewa ba. Na zo ne in shimfiɗa muku abin da kotunan ƙasar nan suka riga suka yanke, domin kowa ya san inda ƙafarsa ta tsaya tun kafin ranar ta zo masa.

Bari mu fara daga gida. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Cikin sunayen malaman da ya lissafa akwai Mandawali, akwai kuma Sheshe, wanda ake danganta sunan unguwar nan da shi. Ke nan ba jiya aka fara ba da ilmi a lungunan nan ba, ba kuma jiya aka fara ba da shaidar ilmi ba. Shaidar da kakanninmu suka sani ita ce ijaza. Almajiri zai zauna gaban malami a zaure, ya karanci littafi daga bango zuwa bango, in malamin ya gamsu sai ya yi masa izinin karantar da shi, ya kuma lissafa masa daga wa ya ɗauko, shi ma wancan daga wa ya ɗauko, har salsalar ta kai ga mawallafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukhi, domin ambaton malaman da ya yi karatu a hannunsu.

A wancan tsari da wuya almajiri ya kai malaminsa gaban alƙali saboda ijaza, don kuwa babu bukata. In wannan malami ya ƙi, akwai wani zauren a gaba. Bugu da ƙari, jama'a da kunnensu suke auna mai ilmi: a zaunar da shi ya buɗe littafi, nan take a san ko ya iya ko bai iya ba. Yau kuwa al'amarin ya sake. Ƙofa ɗaya ce, mabuɗinta kuma yana hannu ɗaya. Ko da kai ne ka fi kowa a ajinku, in babu takarda ba ka zuwa bautar ƙasa, ba a ɗaukar ka aikin gwamnati, ba a yi maka ƙarin girma, ba ka shiga karatun digiri na biyu. Wannan shi ya sa rigimar takarda ta zama rigimar abinci da mutunci, shi ya sa kuma take kai mutane kotu.

To, wa ke ba da digiri? Yawancinmu mukan ɗauka malamin da ya koyar da mu ne, alhali kuwa ba haka ba ne. Ku dubi tarihin Jami'ar Bayero. A 1960 aka buɗe ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a harabar Makarantar Koyon Larabci da ke cikin birnin nan. A 1962 aka mai da sunanta Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama wani sashe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta ba sai 1977. Ɗalibin da ya yi karatu a nan Kano a waɗancan shekaru na farko, malaman Kano ne suka koyar da shi, amma digirin Zariya ya karɓa. Dalili kuwa shi ne, digiri na hukumar da doka ta ba ikon bayar da shi ne.

Kowace jami'a akwai dokar da ta kafa ta, dokar kuma ta raba iko gida-gida. Majalisar Gudanarwa ita ke da kuɗi da dukiya da sha'anin ma'aikata. Majalisar Dattawan Jami'a, inda shehunan malamai da shugabannin sassa ke zama ƙarƙashin Shugaban Jami'a, ita ke da koyarwa da jarrabawa da bayar da digiri, har ma da janye shi in dalili ya kama. Sama da su duka akwai wanda ake kira Maziyarcin Jami'a, watau Shugaban Ƙasa ga jami'o'in Tarayya, Gwamna kuma ga jami'o'in jiha. Wannan muƙami daga Ingila muka gaje shi, inda aka daɗe ana ɗaukar Maziyarci a matsayin alƙalin cikin gida, wanda rigimar jami'a ke ƙarewa a gabansa. Akwai kuma wata magana da ake maimaitawa duk ranar bikin yaye ɗalibai, cewa an sami waɗannan mutane sun cancanta ta fuskar hali da ta fuskar ilmi. Ku riƙe kalmar nan ta hali. Ilmi ana auna shi da maki, hali kuwa ba shi da mudu, kuma ta wannan kafa rigingimu da yawa suke shigowa.

Yanzu sai mu dubi shari'u huɗu. Biyu jami'a ta yi nasara, biyu ɗalibai suka yi.

Ta farko ita ce ta Akintemi da Onwumechili, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1985. Wasu ɗaliban sashen shari'a ne na Jami'ar Ife aka riƙe sakamakonsu bisa zargin maguɗin jarrabawa, suka je kotu suna neman a tilasta wa Shugaban Jami'a, Farfesa Onwumechili, ya saki sakamakon. Kotu ta ƙi. Ta ce maganar jarrabawa da sakamako maganar cikin gida ce, doka ta riga ta ɗora ta a kan Majalisar Dattawa, ta kuma tanadi hanyar kai kuka zuwa Majalisar Gudanarwa da Maziyarci, saboda haka bai kamata a tsallake waɗannan ƙofofi a faɗo kotu ba.

Ta biyu ita ce ta Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2005. Ɗalibin digiri na biyu ne, ya rubuta kundin bincikensa, amma da maganar ta je gaban Majalisar Dattawa sai ta ƙi amincewa da kundin, don ba ta gamsu da hanyar da aka bi aka yi aikin ba. Ya kai ƙara yana cewa ba a ji ta bakinsa ba. Ya faɗi a Babbar Kotu, ya faɗi a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya kuma faɗi a Kotun Ƙoli. Abin da alƙalai suka tsaya a kai shi ne, auna ingancin aikin ilmi da yanke wa ya cancanci digiri aikin Majalisar Dattawa ne, kotu ba za ta karɓe wannan aiki daga hannunta ba.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ashe ɗalibi ba shi da ta cewa. To, ga shari'a ta uku, wadda ta faru a nan Arewa. A watan Fabrairu na 1983 aka yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka ƙone dukiya, aka yi ɓarna, aka ci zarafin mutane. Hukumar jami'a ta kafa kwamitin bincike, ta ɗora Mataimakin Shugaban Jami'a a kansa, alhali shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Bisa rahoton kwamitin aka kori ɗalibai da dama. Yesufu Amuda Garba da wasu 'yan'uwansa suka kai ƙara, Cif Gani Fawehinmi ya tsaya musu. Babbar Kotu ta ba su gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe, a 1986 Kotun Ƙoli ta mayar musu da nasararsu. Hujjojinta a fili suke. Na ɗaya, mutum ba ya zama alƙali a kan abin da ya shafe shi. Na biyu, ba a hukunta mutum sai ya san abin da ake tuhumarsa da shi, ya ji shaidun da aka kawo a kansa, an kuma ba shi damar kare kansa, kamar yadda sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979 ya tanada, wanda a yau shi ne sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999. Na uku, laifuffuka irin su ƙone-ƙone da sata manyan laifuffuka ne, kotu ce ke da ikon tabbatar da su a kan mutum, ba kwamitin makaranta ba.

Wannan ƙa'ida ta jin ta bakin kowa tsohuwa ce ƙwarai, kuma abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin shari'un da suka kafa ta a Ingila kan digiri aka yi ta. A 1718 Jami'ar Kambirij ta tuɓe wa wani babban malami, Richard Bentley, digirorinsa ba tare da an saurare shi ba. A shari'ar 1723 kotu ta ce a mayar masa, har wani alƙali ya kawo misali da cewa ko Annabi Adamu ba a fitar da shi daga Aljanna ba sai da aka kira shi ya amsa. Mu ma nan ba baƙuwar magana ba ce a gare mu, domin kowane ɗalibin fiƙihu ya san cewa alƙali ba ya hukunci sai ya ji daga ɓangare na biyu kamar yadda ya ji daga na farko.

Shari'a ta huɗu ita ta fi kusa da tambayarmu. Rasheedat Adesina ɗaliba ce a Jami'ar Ilori, mai ruwa da tsaki a harkar ƙungiyar ɗalibai. An hukunta ta saboda wannan harka, daga baya aka yi sulhu ta hanyar kwamitin da Maziyarci ya kafa, aka mayar da ita makaranta, ta ƙarasa karatunta. Amma sakamako ya ƙi fitowa. Ta kai kuka ciki, shiru. Ta je Babbar Kotun Tarayya da ke Ilori ta yi nasara, jami'a ta ɗaukaka ƙara ta faɗi, ta sake ɗaukakawa zuwa Kotun Ƙoli, a 2014 ta sake faɗuwa. Hujjar jami'a ita ce wadda muka ji a shari'u biyun farko, cewa wannan maganar cikin gida ce. Kotun Ƙoli ta ce a'a, akwai bambanci tsakanin bayar da digiri da sakin sakamako. Ɗalibin da ya zauna jarrabawa yana da haƙƙin ya san abin da ya samu, ko ci ko faɗuwa. In ya bi hanyoyin cikin gida duka, jami'a kuwa ta yi kunnen uwar shegu ba tare da wani dalili karɓaɓɓe ba, to, maganar ta fita daga cikin gida, kotu tana da hurumin shiga. A wannan shekara kotun ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar wani ɗalibin jami'ar, Akinola, wanda shi ma ɗan gwagwarmayar ƙungiyar ɗalibai ne.

Jama'a, in muka haɗa huɗun nan wuri guda, iyakar ta fito sarai. Alƙali ba zai ɗauki jan biro ya duba takardar jarrabawarka ba, ba zai mai da maki 39 ya koma 40 ba, ba zai ce kundinka ya isa alhali malamai sun ce bai isa ba. Amma alƙali zai tambayi jami'a: kin bi dokarki da kanki? Kin gaya wa yaron laifinsa? Kin saurare shi? Wanda ya zauna a kansa ba shi da hannu a cikin rigimar? Mene ne dalilinki na yin shiru? Saboda haka digiri ba kyauta ba ce da ake ba wanda aka ga dama, ba kuwa haja ba ce da ɗalibi ya saya da kuɗin makaranta. Shaida ce da amana. Jami'a ce ke da ikon yin shaidar, amma ba ta da ikon mai da ita bulala.

Sai dai kada murnar nasara ta rufe mana ido. Rasheedat Adesina ta ci shari'a, amma bayan fiye da shekara goma da gama karatunta. Garba da 'yan'uwansa shekara uku suka yi suna jira. Wace kotu ce za ta mayar wa mutum da shekarunsa? Dokar bautar ƙasa a yadda take yanzu ta ɗauke hidimar daga kan wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala karatu, tallan neman ma'aikata da yawa kuma sukan sa iyakar shekaru. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Ni zan ƙara da cewa cikinta kan daɗe bai faɗi ba.

Adalci ne kuma mu dubi ɗaya gefen, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa doka ta ba jami'a wannan iko mai yawa? Saboda darajar takardar da ke hannunka tana rataye ne a kan cewa ba kowa ke samun ta ba. Mutanen Kano ba su manta da 1999 ba, sa'ad da mujallar TheNews ta bankaɗo cewa digirin Jami'ar Toronto da Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Alhaji Salisu Buhari, ya ce yana da shi babu shi, har ta kai ya sauka daga kujerarsa, kotu ta hukunta shi, daga baya aka yi masa afuwa. A watan Disamba na 2023 kuma jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da ita. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Wa abin ya fi ci? Har da yaran da suka je can suka yi karatu bil haƙƙi da gaskiya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Saboda haka ƙungiyar ɗaliban da ke kare mai maguɗi don kawai ɗalibi ne, tana rage darajar takardar 'ya'yanta ne da hannunta.

Akwai kuma wata irin rigima wadda ɗalibi bai yi laifi ba, bai kuma faɗi jarrabawa ba, amma takardarsa ta maƙale. Ɗaliban da suka karanta shari'a a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa sun karɓi digirinsu, amma Majalisar Koyar da Aikin Lauya ta ƙi karɓarsu a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe nan kusa da mu a Bagauda, bisa cewa ba ta yarda da karatun shari'a daga nesa ba. Suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal, a 2017 suka faɗi, domin kotu ta ce ikon ɗaukar ɗalibai na Majalisar ne. Sai bayan da aka gyara dokar jami'ar a 2018, aka kuma daɗe ana kai-kawo, sa'an nan aka buɗe musu ƙofa. Haka nan wasu 'ya'yan Jihar Kano da gwamnati ta tura karatu Jami'ar Near East da ke Arewacin Sayifurus, sun gama amma aka riƙe takardunsu shekaru saboda bashin kuɗin makaranta, sai a 2025 gwamnatin jiha ta sanar da biyan bashin, sama da naira biliyan biyu. A nan ba ilmi aka auna ba, ba kuwa hali ba. Takardar yaro ce ta zama jingina a kan bashin da ba shi ya ci ba.

To, ina mafita? Ga ɗalibai, ina da shawarwari biyar, kuma duk cikinsu babu wadda ke bukatar kuɗi.

Na farko, tun ran gini ran zane. Kafin ka biya ko kwabo, ka bincika ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da jami'ar da kuma fannin da za ka karanta, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da fanni daban. In fannin na sana'a ne, kamar likitanci ko lauya ko injiniya, ka tambaya ko majalisar masu sana'ar ta amince da shi. Ka kuma tabbata shigarka ta bi ta hannun JAMB, domin wanda sunansa ba ya cikin kundinta kan sha wuya ranar tafiya bautar ƙasa.

Na biyu, ka karanta littafin ƙa'idojin ɗalibai da aka ba ka ranar rantsuwa. Yawancinmu a ƙarƙashin katifa yake ƙarewa. A cikinsa aka rubuta yadda ake neman a sake duba takardar jarrabawa, da kwanakin da aka ɗiba domin haka, da wurin da ake ɗaukaka ƙara in kwamitin ladabtarwa ya yanke hukunci. Da shi lauyan jami'a zai yaƙe ka, da shi kuma naka lauyan zai kare ka.

Na uku, ka adana takardu. Takardar shiga, rasiɗin kowane biya, takardar rajistar darussa mai sa hannu, katin jarrabawa, sakamakon kowane zango. Na san wani ƙanenmu a lungun nan da aka ce bai zauna wata jarrabawa ta shekara ta biyu ba, sai a shekarar ƙarshe maganar ta taso. Abin da ya cece shi wata 'yar takarda ce mai sa hannun mai tsaron jarrabawa, wadda mahaifiyarsa ta ajiye masa a cikin kwalla. Ba don ita ba, da ya maimaita shekara.

Na huɗu, kukanka ya zama a rubuce. Maganar baka a bakin ofis ba shaida ba ce. Ka rubuta wa shugaban sashe, in shiru ka rubuta wa shugaban tsangaya, sa'an nan Magatakarda, sa'an nan Shugaban Jami'a da Majalisar Gudanarwa, kowace wasiƙa da kwanan wata, ka kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka rubuta da ladabi, domin wata rana alƙali ne zai karanta. Abin da ya raba shari'ar Ife da ta Ilori ke nan: waɗancan an ce musu ba su ƙare hanyoyin gida ba, wannan kuwa ta ƙare su. In an kira ka gaban kwamiti, ka nemi a ba ka tuhumar a rubuce, ka nemi ganin shaidar da aka kawo a kanka, kada kuma ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba.

Na biyar, ka riƙa ƙidayar kwanaki. Akwai tsohuwar doka ta kare jami'an gwamnati, wadda ta ce duk mai ƙarar hukuma kan wani abu da ta yi a bakin aikinta, ya shigar da ƙarar cikin wata uku, kuma kotuna sun sha korar ƙararraki saboda ita, ko da yake tana da togaciya. Saboda haka kana bin hanyar gida, kana tuntuɓar lauya. Ƙarar jami'ar Tarayya kan harkar gudanarwarta Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, bisa sashe na 251 na Tsarin Mulki, wanda ya kai ta wata kotun kuwa yana iya ɓata shekaru a banza. Kafin kotu ma akwai ƙofofi biyu masu sauƙi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai neman bayani. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, wadda ɗan garin nan, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya fara shugabanta. Ba ta karɓar kuɗi, amma ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, tana kuma so a kawo kuka cikin wata goma sha biyu.

Yanzu na juyo gare ku, 'yan'uwana matasan ma'aikata. Wasunku suna ofisoshin jarrabawa, wasu suna ma'aikatar ilmi, wasu suna hukumar ba da tallafin karatu. Ku sani yawancin rigingimun takarda ba daga mugun nufin Shugaban Jami'a suke farawa ba. Daga fayil suke farawa, wanda ya kwana a kan tebur wata shida, ko makin da aka shigar a gaban sunan wani, ko wasiƙar da aka karɓa ba a amsa ba. Jiya-jiya ku ne a bakin taga kuna leƙe, ana ce muku ku dawo gobe. Kada kujera ta mantar da ku tsayuwar nan. In amsar a'a ce, ku rubuta a'a, ku faɗi dalili, domin mai a'a a hannu ya san inda zai nufa, wanda aka yi wa shiru kuwa an ɗaure shi ba igiya. In kuwa wani babba ya ce ku danne takardar yaro don ya yi masa tsaurin ido a harkar ƙungiya, ku nemi ya ba ku umarnin a rubuce. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga ƙungiyoyinmu na ɗalibai. Mun iya zanga-zanga a kan kuɗin makaranta da ruwa da wuta, amma ba mu cika neman gyaran ƙa'ida ba. A Ingila da Wales, dokar ilmi mai zurfi ta 2004 ta ɗauke koke-koken ɗalibai daga hannun Maziyarci, ta miƙa su ga wani ofishi mai zaman kansa da ke sauraron ɗalibi kyauta. Shi ma ba ya taɓa hukuncin malamai a kan maki, yana duba ne ko an bi ƙa'ida, ko an yi adalci, watau iyakar nan dai da kotunanmu suka shata, amma ba tare da ɗalibi ya tsufa a hanyar Kotun Ƙoli ba. Me zai hana mu nemi irin wannan? Kafin a kai can, kowace ƙungiya tana iya neman jami'arta ta rubuta wa'adi: kwana kaza a fitar da sakamako, kwana kaza a amsa koke, kuma duk wanda aka riƙe takardarsa a gaya masa dalili a rubuce. Wannan bukata ba ta rage wa Majalisar Dattawa ko ƙwayar zarra daga ikonta ba, kuma jami'ar da ke da gaskiya ba za ta ji tsoronta ba.

Malaman da suka zauna a zaurukan unguwar nan ba su ba da ijaza ga wanda bai karanta ba, ba su kuwa hana ta ga wanda ya karanta, domin sun san shaida ce da za a tambaye su a kanta. Abin da muke nema daga jami'o'inmu bai wuce wannan ba, abin da su ma suke nema daga gare mu shi ne mu karanta ɗin.

 In na yi kuskure a gafarce ni, in akwai tambaya kuma ga ni. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa kowa ya ci guminsa.